Shaye-shaye a Makarantun 'Yan Mata: Abin da Hukumar Makaranta Za Ta Yi, Mataki-Mataki

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata, matiron ta shigo ofishin malamai riƙe da gorar zoɓo, ta miƙa mini ta ce, "Malama, sansana ki ji." Zoɓo ne a ido, amma an gauraya shi da maganin tari mai kodin. A cikin akwatin wata 'yar aji biyar aka samo shi, ƙarƙashin garin kwaki. Ranar Litinin aka fito da ita gaban asembili, aka yi mata bulala, aka ba ta takardar kora. Ni ma a lokacin gani nake an yi daidai. Kafin zangon ya ƙare mun sake samun gora uku a ɗakin kwana guda. Sai daga baya wata ƙawarta ta gaya mini cewa ciwon mara ne ya fara kai ta kemis, kuma duk ranakun da muka yi muna tuhumarta ba wanda ya tambaye ta a ina take samu, balle me ya sa.

Wannan jagora don shugabannin makarantu ne, da malamai, da matiron, da iyayen da ke cikin kwamiti. Idan na ce shaye-shaye, ina nufin duk abin da yarinya za ta kai baki don ya juya mata kai. A wasu garuruwan giya ce, ta leda ko ta ƙananan kwalabe, ko burukutu, ko bammi. A wasu kuma, inda giya ke da wuyar saye a fili, kodin ne da tiramol da roci (ƙwayar sa barci) da sauran ƙwayoyi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Amma a wuraren da ake jinyar masu shaye-shaye, ɗaya ce kawai mace cikin ashirin. Ma'ana, mata na ciki, sai dai ana ɓoye su har sai abu ya lalace.

Mataki na farko: ku san abin da ke cikin gidanku

Kowace firinsifal za ta ce makarantarta ba a yi. Kada ku fara daga zato. Ku rubuta 'yan tambayoyi a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, ku raba wa kowane aji. Ba suna, ba lamba, kowa ta yi amfani da biro iri ɗaya, ta naɗe ta jefa a kwalin da aka liƙe. Malamin da ɗalibai ke tsoro kada ya tsaya a ajin.

Tambayoyin su zama gajeru. A cikin kwana talatin da suka wuce, kin sha giya, ko maganin tari ba don tari ba, ko ƙwayar da likita bai rubuta miki ba? A ganinki, cikin 'yan ajinku goma, nawa ke sha? Idan kina so, cikin awa nawa za ki samu? Kina samun barci? Kwana nawa kika rasa darasi saboda al'ada? Akwai babba a makarantar nan da za ki iya gaya wa damuwarki? Wannan ta ƙarshe ita ce na fi duba amsarta, domin ita ke nuna ko sauran aikin zai yi tasiri.

Idan an tattara, a ƙirga, a ƙona takardun. Duk ranar da aka yi amfani da rubutun hannu aka gano wata aka hukunta ta, to an kashe wannan hanya har abada, yaran ba za su sake faɗin gaskiya ba.

Mataki na biyu: a rubuta doka tun kafin a kama kowa

Hukuncin da aka yanke cikin fushi, da kwalba a kan tebur, kusan kullum kora ne. Saboda haka a zauna tun ana zaman lafiya. Mutum biyar ko shida sun isa: firinsifal ko mataimakiyarta, malamar ba da shawara, matiron ko nas, uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai, malamin addini, sai ɗaliba babba da za a riƙa jin ta bakinta.

Dokar ta bambance abubuwa uku. Akwai wadda ta sha. Akwai wadda ke shigo da kaya tana sayar wa 'yan'uwanta. Akwai kuma babban mutum, ma'aikaci ko na waje, da ke kawo musu. Na ukun ba maganar sulhu, a miƙa shi ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ko 'yan sanda. Ta biyun a kira iyayenta, a bi diddigin mai ba ta, a yi mata hukunci mai nauyi. Ta farkon kuwa mara lafiya ce kafin ta zama mai laifi, kuma korarta ba ta raba ta da kwalba. Mayar da ita ake yi unguwar da kemis ɗin yake, ga shi ba aji, ba jarrabawa, sai zaman gida da baƙin jini, wani lokaci a aurar da ita da gaggawa don a rufe magana, ta tafi ɗakin miji da matsalarta.

Akwai layi ɗaya da nake roƙon kowace makaranta ta saka: duk ɗalibar da ta kawo kanta neman taimako, ko ta ruga ta kira malami don ƙawarta ta faɗi, ba za a hukunta ta ba. A karanta shi a asembili farkon kowane zango. Idan babu wannan layin, ranar da wata ta sume a ɗaki cikin dare, ƙawayenta lulluɓe ta za su yi da bargo su yi shiru, suna jiran gari ya waye.

Mataki na uku: darasi, ba lacca ba

Mun saba da gayyato jami'i sau ɗaya a shekara, a tara yara ɗari takwas a rana, ya nuna hoton mahaukaci a bola, a tafa, a watse. Amurka ta yi irin wannan da kuɗi masu yawa. Shirin D.A.R.E. da aka fara a Los Anjeles a 1983, inda 'yan sanda ke shiga aji suna gargaɗi, ya bazu ko'ina a ƙasar, amma da masu bincike suka bi sawun yaran, sai suka ga da waɗanda suka ji darasin da waɗanda ba su ji ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yarinyar da ke ganin yayarta na shan kodin kuma tana zuwa biki da kwalliyarta ba za ta yarda cewa kurɓa ɗaya na haukata mutum ba. Da zarar ta kama ka da ƙari a magana ɗaya, sauran ma ta zubar.

Abin da ya fi aiki shi ne darasi a ƙaramin aji, mako-mako, daga bakin malamin da suka sani. Akwai shirin da ake kira Unplugged, mai darussa 12, wanda aka tsara a Turai sannan UNODC da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suka daidaita shi da Najeriya. An gwada shi a makarantun sakandare 32 a zangon karatu na 2015 zuwa 2016, kuma an ga raguwar shan giya a cikin ɗaliban da suka yi shi. Ku tambayi ofishin NDLEA na jiharku ko ma'aikatar ilimi ko akwai malaman da aka horar. Ko ba ku samu ba, kuna iya ɗaukar ginshiƙansa.

Na ɗaya, gyara zato. Matasa kan ɗauka kowa na sha. Ku dawo musu da sakamakon takardar nan: kun ce bakwai cikin goma ke sha, ga abin da ƙirga ta nuna. Yarinyar da ta gane cewa masu ƙin sha su ne mafi yawa ba ta jin kunyar ƙi.

Na biyu, gaskiyar abin da yake yi wa jiki, ba ƙari ba ragi. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa. Jikin mace ruwansa bai kai na namiji ba, shi ya sa giya daidai wa daida ta fi bugar da ita. Kodin da roci da giya duk suna rage numfashi, haɗa su shi ne ke sa a kwanta ba a tashi ba. Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa har 225 ake samu, kuma yana jawo farfaɗiya.

Na uku, kuma shi ne ya fi cin lokaci, gwajin baki. A fito da yara biyu gaban aji. Ɗaya ta zama uwar ɗaki, babbar ɗalibar da ke kare ta daga siniyoyi, ta miƙa gora ta ce, "Haba ƙanwata, ɗan kurɓi mana, ko ba ki yarda da ni ba ne?" Ɗayar ta nemi yadda za ta ƙi ba tare da ta rasa uwar ɗakin ba. Za su yi dariya, za su kasa, za su sake. A canja yanayi: gidan biki daren sa lalle, saurayi a mota, ƙawa mai cewa yana sa barci ya zo. Mai miƙo wa yarinya kayan maye da wuya ya zama baƙo. Mafi yawa wanda take jin nauyinsa ne, kuma mun rene ta a kan cewa ƙin karɓar abin hannun babba rashin kunya ne. Sai an koya mata da baki cewa akwai inda ake cewa a'a.

A fara da 'yan aji ɗaya da biyu na ƙaramar sakandare. Jiran sai sun kai aji biyar, an makara.

Malaman addini suna da babban gurbi a nan, in sun yarda su wuce "haramun ne" kawai, wanda yaran sun riga sun sani. Malamin Islamiyya ya nuna musu cewa an hana giya ne daki-daki, daga Baƙara aya ta 219, zuwa Nisa'i aya ta 43, zuwa Ma'ida aya ta 90, kuma hadisi ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, don haka kwalbar kemis ba ta tsira ba. Ya kuma karanta musu abin da Bukhari ya ruwaito na mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mai sha da ke zaune a bayan aji tana bukatar jin wannan. Inda akwai ɗalibai Kirista, malaminsu ya yi nasa ɓangaren a lokaci guda.

Mataki na huɗu: ku nemo inda bangon ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A abin da na gani, 'yan mata ƙalilan ne ke fara sha don neman nishaɗi. Yawancinsu wani abu suke son kashewa.

Ciwon mara na kan gaba. Yarinya na murƙususu a kan gado, matiron ta ce raki ne, kowa ma na yi. Sai wata ta ba ta ƙwaya, ciwon ya tafi, har da wani sanyi a zuciya da ba ta taɓa ji ba. Wata mai zuwa ita za ta nema da kanta. Maganin wannan mai arha ne: ɗakin shan magani ya kasance da farasitamol da ibufurofen a hannun nas, da ruwan zafi na gasa mara, da audugar mata, da izinin kwanciya na rabin yini ba tare da gori ba. Wadda ciwonta ya wuce misali ko jininta ke zuba da yawa a kai ta asibiti, domin ƙarancin jini kansa na kawo kasala da rashin fahimta. Banɗaki kuma ya zama da ƙofa mai sakata da ruwa. Na san ba kowace makaranta ke da kuɗi ba, amma sakata ba ta kai kuɗin lemon da ake saya wa baƙi ranar bikin yaye ɗalibai ba.

Sai rashin barci da damuwa. Mai shekarun sakandare na bukatar awa 8 zuwa 10, mu kuwa muna tashinsu kafin asuba bayan sun yi karatun dare, ga masu shan ƙwaya don su kwana biyu ido biyu lokacin WAEC da NECO. Akwai wadda iyayenta suka rabu, akwai wadda aka sa wa rana da wanda ba ta so, akwai wadda 'yan bindiga suka tashi garinsu, akwai wadda wani a gida ko a makaranta ke taɓa ta kuma ba ta da bakin faɗa.

Ba a gano waɗannan a asembili. Ana gano su ne a ƙaramin zama. Ku raba ɗalibai rukuni-rukuni, goma sha biyar zuwa ashirin, kowane rukuni da mace ɗaya mai kula da shi, su haɗu awa ɗaya a mako a wuri ɗaya, ba namiji, ba bulala, ba maki. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta daɗe tana yin sa a ƙauyuka, kuma shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi, Barno da Filato, yana da irin wannan zama na koyar da dabarun rayuwa. Idan makarantarku na ciki, ku yi amfani da shi da gaske, kada ya tsaya a rajistar da ake cikewa don masu duba aiki.

Zaɓen mai kula shi ne komai. Ba lallai ta fi kowa digiri ba. A tambayi yaran a asirce wace malama suke iya yi wa magana, za ku sha mamakin sunan da zai fito. Sharaɗinta ɗaya ne, ta iya riƙe baki. Abin da yarinya ta faɗa mata kada ya zama hirar ofishin malamai. Ta kuma gaya musu tun ranar farko inda sirri yake tsayawa: idan rai na cikin haɗari, ko ana cin zarafin wata, dole ta sanar, amma za ta fara gaya wa mai maganar kafin kowa.

Mataki na biyar: cike lokacin da ba kowa, a jawo iyaye

A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 a ƙasar Aisland sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 ya sauko kashi 5. Ba wa'azi suka ƙara ba. Sun zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in bayan makaranta, sun sa dokar hana yara yawon dare, sun sa iyaye sun yi alƙawari a tsakaninsu na sanin inda 'ya'yansu suke da kuma zama da su. Ƙasar ƙarama ce mai arziki, ba za mu kwafe ta ba, amma dabarar tana tafiya ko'ina.

Ku duba jadawalinku, ku nemo awannin da yara ke zaune ba aiki ba mai kula: bayan la'asar, yammacin Asabar, makon da aka gama jarrabawa ana jiran hutu. Ku cika su da ƙwallon raga, muhawara, musabaƙa, wasan kwaikwayo, ɗinki, saƙa, lambu, kwamfuta in akwai. Filin wasa ba na maza kaɗai ba ne.

Iyaye kuwa kada a kira su sai an yi laifi kawai. Ranar ziyara a ware minti talatin da iyaye mata, da Hausa, a nuna musu kwalaben da ledojin a hannu don su gane su. A gaya musu alamu: barci da rana fiye da ƙima, magana na jan baki, kuɗi na ɓacewa, sababbin ƙawayen da ba a kawo su gida, faɗuwar maki. A kuma faɗa musu gaskiya mai ɗaci, cewa wani lokaci daga ɗakin uwa ko na yaya yarinya ta fara gani.

Mataki na shida: toshe kafa

Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC. NAFDAC ta fara aiwatar da hana giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba a Fabrairun 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni. Duk da haka kaya na yawo. Ku zagaya katangarku da ƙafa. Ku san mai shago, mai kemis, mai tallan abinci a ƙofa, mai acaɓa ko adaidaita da yara ke aika, da 'yan jeka-ka-dawo da ke yi wa 'yan kwana sayayya. Binciken kayan ɗalibai mata ne za su yi shi, a ɗaki, da mutunci. Mai unguwa da limami su san abin da kuka gano, domin maganarsu ga mai kemis ta fi takardarku nauyi.

Mataki na bakwai: ranar da aka samu wata

Idan a sume take, ba a iya tashinta, numfashinta na ja a hankali ko tana wani irin minshari, leɓɓanta sun canja launi, to asibiti kai tsaye. A kwantar da ita a gefenta don kada amai ya shaƙe ta. Kada a ɗura mata manja ko madara, kada a sa ta amai, kada a bar ta ita kaɗai. In tana jijjiga, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kada a cusa mata cokali a baki. A tafi da kwalbar ko ledar ƙwayar don likita ya gani. Na san a makarantunmu da yarinya ta faɗi za a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. A yi addu'ar a cikin mota, ana tafiya.

Idan kuwa tana cikin hayyacinta, a jira ta wartsake, sannan mace ɗaya da ta yarda da ita ta zauna da ita a ɗaki a rufe. Kada a fara da "Wa ya ba ki?" A fara da "'Yata, na ga kwanan nan ba kya cikin walwala, me ke damun ki?" Sannan a yi shiru. Shirun zai yi tsawo, a daure. Bayan haka a tambayi me take sha, tun yaushe, sau nawa, me take ji in ba ta samu ba, kuma ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma sauƙi take kawowa.

Kafin a kira gida, a tambaye ta wa ya fi dacewa a fara gaya wa. Wani uban in ya ji, duka ne da cire ta daga makaranta. Wataƙila gwaggo ko yaya ce za ta fi iya shigar da maganar.

Wadda ta gwada sau ɗaya ko biyu, zama da mai ba da shawara duk mako da sa ido sun isa. Wadda jikinta ya saba, tana rawar jiki ko zufa ko ciwon gaɓoɓi in ba ta sha ba, aikin likita ne, kuma kada a yanke mata giya ko roci farat ɗaya, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen masu wannan lalura a asibitocin koyarwa. NDLEA na da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, inda ake samun masu ba da shawara. Ku ja kunnen iyaye game da gidajen mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, ɗaruruwan mutane wasunsu cikin sarƙa, ya isa darasi.

In ta dawo daga jinya, a shirya dawowar kafin ranar. A canja mata ɗakin kwana idan a can abin ya faro, a haɗa ta da ɗaliba mai hankali da za ta taimaka mata cike darussan da ta rasa, a gargaɗi malamai cewa duk wanda ya kira ta 'yar ƙwaya a aji zai amsa tambaya a ofis. Tana iya komawa ta sake sha, wannan sananne ne a jinyar, kuma dokarku ta tanadi abin da za a yi a karo na biyu ba tare da an fara da kora ba. Malamarta ta riƙa ganinta duk mako har ƙarshen shekara.

Shekara na zagayowa, a wata ɗaya da na bara, ku sake raba takardar nan ta mataki na farko, da tambayoyi iri ɗaya, ku ajiye ƙirgar biyu gefe da gefe a gaban kwamiti.